Tarihin Maganin Ƙiba, da Abin da Ya Koya wa Likitoci Game da Narkewar Abinci

A wurinmu ƙiba ba ta cika zama abin kuka ba. In an ce mutum ya yi jiki, ko kuwa ya murje, yabo a ke nufi, gama jama'a na ɗaukan wannan alamar wadata ce da kwanciyar rai. Amma akwai iyakar da in kitse ya wuce ta sai ya zama cuta, ya jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum 1 cikin 8 na mutanen duniya yana da irin wannan ƙiba, watau fiye da mutum miliyan 1,000.

Wannan takarda ta bi tarihin hanyoyi biyu da likitocin Turai da Amurka su ka bi don maganin wannan cuta, watau rage ci da aikin fiɗa, ta kuma duba abin da ko wacce ke yi wa narkewar abinci. Shekaru masu yawa likitoci na ɗaukan ciki kamar buhu ne da bututu kawai. Za mu ga yadda majinyatansu su ka nuna musu ba haka ba ne.

1. Hanyar da abinci ke bi

Kafin mu shiga labari ya kamata mu daidaita kalmomi. Za mu kira jakar da abinci ke fara sauka cikinta tumbi. Tumbin babban mutum ya kan ɗauki lita 1 zuwa 1 da rabi ba tare da wahala ba. A nan abinci ke gauraya da wani ruwa mai tsami ƙwarai, ya dame kamar kunu. A ƙasan tumbi akwai wata tsoka kamar zobe, wadda likitocin Larabawa su ka kira al-bawwab, watau mai tsaron ƙofa. Ita ke sakin abinci kaɗan kaɗan, har ya ƙare cikin sa'a 2 zuwa 4.

Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon wajen ƙafa 20. Za mu kasa shi uku: farkon hanji, da tsakiyarsa, da ƙarshensa. A farkon hanji ruwan matsarmama ke zubowa, wanda hanta ke yi don narkar da maiƙo, tare da ruwan wani ƙululu da ke kwance bayan tumbi, wanda a ke kira fankiriyas. A nan ne kuma jiki ke tsotse mafi yawan sinadarin ƙarfe na jini da alli na ƙashi. Tsakiyar hanji ke tsotse yawancin abinci. Ƙarshensa kuwa shi ke karɓan bitamin B12, shi ne kuma ke mai da gishirin matsarmama zuwa hanta don a sake aiki da shi. Abin da ya ragu sai ya wuce babban hanji, inda a ke janye ruwa.

Wani hatsari ne ya fara buɗe wa likitoci wannan ilmi sosai. A 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi ta sami wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki. Ya warke, amma kafar ba ta rufe ba. Likitan soja William Beaumont ya riƙa ɗaure abinci da zare yana sakawa ta kafar, yana cirowa yana duba yadda ya narke, har ya buga littafinsa a 1833. A 1902 kuma William Bayliss da Ernest Starling na Landan su ka gano farkon hanji na sakin wani abu cikin jini wanda ke umurtan fankiriyas ya zubo da ruwansa. Irin waɗannan 'yan aike na cikin jini su a ka sa wa suna homon a 1905. Mai karatu ya riƙe wannan magana, gama za mu komo kanta.

2. Rage ci

Rage ci ita ce tsohuwar hanya. A 958 Sarki Sancho na Leon, a arewacin Sifen, ya rasa gadonsa, kuma ƙibarsa na cikin abin da a ka zarge shi da shi, don an ce ko doki ba ya iya hawa. Ya tafi Ƙurɗuba wurin Halifa Abdurrahman na Uku, likitan fada Hasdai ibn Shaprut, wanda Bayahude ne, ya yi masa magani har ya rame, ya komo gadonsa a 960 da taimakon rundunar Halifa. Ibn Sina ma ya keɓe wuri cikin littafinsa Al-Ƙanun inda ya yi bayanin illolin ƙibar da ta wuce kima.

A zamanin da ya fi kusa da mu, wanda ya baza maganar ƙayyade abinci cikin Turawa ba likita ba ne. William Banting, mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, tsawonsa ƙafa 5 da inci 5, nauyinsa ya kai laba 202 a 1862, har sai da baya da baya ya ke sauka daga bene. Likitansa William Harvey ya hana shi burodi, da man shanu, da madara, da sukari, da giya, da dankali. Cikin shekara guda ya zubad da laba 46, ya buga 'yar wasiƙa ga jama'a a 1863, ta bazu har sunansa ya zama kalmar da Ingilishi ke nufin rage ci da ita.

Abin da Banting bai sani ba shi ne jiki ba ya karɓan ragi ya yi shiru. Cikin 1944 da 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya gwada yunwa a kan samari 36 masu lafiya, waɗanda su ka ba da kansu. An ba su wajen rabin abin da su ka saba ci har mako 24. Sun zubad da rubu'in nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa in suna hutawa ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Sanyi ya dame su, ba su da zance sai na abinci, waɗansunsu har tara littattafan girki su ka riƙa yi. Da a ka sake su su ka ci ba ƙaƙƙautawa, har kitsen jikinsu ya zarce na da. Ko da ya ke waɗannan samari ba masu ƙiba ba ne, an ga daga baya jikin mai ƙiba ma haka ya ke kāre nauyinsa.

A 1959 Albert Stunkard da Mavis McLaren-Hume su ka bi sawun mutum 100 da a ka yi wa maganin ƙiba ta hanyar abinci a wani asibitin New York. Mutum 12 kaɗai su ka zubad da laba 20 ko fiye, bayan shekara 2 kuwa saura mutum 2 su ka riƙe wannan ragi. Wannan ya karya gwiwar likitoci, har waɗansu su ka koma ga hana abinci ɗungum. A birnin Dundee na Sikotlan wani saurayi ya yi kwana 382, daga 1965 zuwa 1966, ba ya shan kome sai ruwa da shayi da kofi da bitamin, nauyinsa ya sauko daga laba 456 zuwa 180. Hanjinsa ya yi sanyi har ya kan yi kwana 37 zuwa 48 bai fita bayan gida ba. Shi ya tsira, amma waɗansu da a ka yi wa haka sun mutu, a ka bar wannan hanya. Haka kuma cikin 1977 mutane da dama a Amurka zuciyarsu ta tsaya saboda dogara ga wani ruwan furotin maras inganci da a ke sayarwa don rama.

Saurin rama na da wata illa ga narkewa. In mutum ya daina cin maiƙo, matsarmama ba ta samun umurnin matsowa, sai ruwanta ya kwanta. A lokacin kuma hanta na zuba masa kitsen jini mai yawa daga wanda jiki ke narkarwa. Ruwan ya yi kauri, ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ƙarancin abinci mai dusa kuma ya kan kawo taurin bayan gida.

3. Yadda wuƙa ta shigo

Ba don ƙiba a ka fara yanka tumbi ba. A 1881 Theodor Billroth na Biyana ya cire wani yanki na tumbin wata mace mai ciwon daji, ya ɗinke sauran da hanji, ta tashi daga aikin. A farkon shekarun 1890 César Roux na Suwizalan ya ƙago wata hanyar haɗa tumbi da hanji mai reshe biyu, ɗaya na abinci ɗaya na ruwan matsarmama, su gamu a ƙasa kamar gwafa. Daga nan har tsakiyar ƙarni na 20 an yi wa dubban mutane irin wannan aiki saboda gyambon ciki. Likitoci su ka lura waɗanda a ka rage wa tumbi ko hanji su kan rame, ba su kuma cika komawa jikinsu na da ba. Abin da a ke gani illa a wurin mai gyambo, sai waɗansu su ka fara tunanin ko zai zama magani ga mai ƙiba.

Viktor Henrikson na Gotenbag a Suwidin ya ba da labari a 1952 ya yanke santimita 105 na ƙaramin hanjin wata mace don ta rame. A 1953 Richard Varco na Jami'ar Minnesota ya yi wata dabara dabam, ya haɗa saman hanji da ƙarshensa, ya bar tsakiyar a cikin ciki ba abin da ke bi ta cikinta. A 1954 Arnold Kremen da John Linner da Charles Nelson su ka buga gwajin da su ka yi a kan karnuka, wanda ya nuna ƙarshen hanji ya fi samansa muhimmanci wajen tsotse maiƙo. A Los Angeles Howard Payne da Loren DeWind su ka fara da haɗa hanji kai tsaye da babban hanji, su ka ba da labarin mutum 10 a 1963. Zawo da rikicewar gishirin jini sun yi tsanani har su ka bar wannan. A 1969 su ka tsai da awon da ya shahara: inci 14 na sama a haɗa da inci 4 na ƙasa. Watau daga ƙafa 20 saura ƙafa 1 da rabi ke aiki, ban da farkon hanji.

Hikimar wannan aiki, wanda za mu kira tsallake hanji, ita ce mutum ya ci abin da ya ga dama, abinci ya wuce bai shiga jiki ba. An kuwa rame ƙwarai, a ka yi wa dubban mutane cikin shekarun 1970. Amma garin neman gira a ka tasam ma rasa ido. Gishirin matsarmama da maiƙon da ba a tsotse ba sun riƙa malala cikin babban hanji suna kawo zawo sau da yawa a yini. Maiƙon ya kan kama alli ya fita da shi. Allin nan kuwa shi ne da ma ke ɗaure wani sinadari na ganyaye mai suna ogzalet ya hana shi shiga jini, da ya rasa mai ɗaure shi sai ya shiga, ya taru a ƙoda ya zama tsakuwa. Dogon hanjin da a ka bari ba aiki ya zama kamar kududdufi, ƙwayoyin cuta su ka hayayyafa a ciki, dafinsu ya jawo ciwon gaɓoɓi da ƙuraje. Mafi muni, hanta ta kan cika da kitse ta ƙandare, har waɗansu su ka mutu. Zuwa farkon shekarun 1980 an bar wannan aiki, da yawa kuma sai da a ka sake buɗe su a ka mai da hanjinsu yadda ya ke.

4. Daga hanji zuwa tumbi

Edward Mason na Jami'ar Iowa ya ɗauki darasinsa daga masu gyambon ciki. A 1966, tare da Chikashi Ito, ya raba tumbi biyu, ya bar 'yar jaka a sama ya haɗa ta da hanji, babban ɓangaren kuwa ya bar shi a wurinsa abinci ba ya shigarsa. Sun buga labarin a 1967. Wannan shi ne tsallake tumbi. Da fari ruwan matsarmama ya kan hau cikin jakar ya ƙona ta, sai Ward Griffen na Kentucky ya gyara a 1977 da haɗin nan mai reshe biyu na Roux. A hankali a ka rage jakar har ta komo wajen mililita 30, kamar girman ƙwai.

Nicola Scopinaro na Jenowa a Italiya bai fid da rai ga hana tsotsa ba. A 1979 ya bayyana aikin da ya cire wani kashi na tumbi, ya kuma raba hanyar abinci da ta ruwan narkewa, ba su gamuwa sai cikin santimita 50 na ƙarshe. Tun da ya ke ko wane reshe akwai abin da ke gudana cikinsa, ba a sami kududdufin nan ba. Wannan aiki ya fi duka sa rama, ya kuma fi duka jawo ƙarancin furotin da bitamin.

Waɗansu kuwa su ka nemi ƙuntata tumbi kawai ba tare da karkatar da hanya ba. Mason da kansa ya bayyana irin wannan a 1982. A tsakiyar shekarun 1980 Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin, da Lubomyr Kuzmak a Amurka, su ka fito da ɗamarar roba da a ke ɗaura wa saman tumbi, ana iya tsuke ta ko a sassauta ta da allura. A 1993 Mitiku Belachew, haifaffen Habasha mai aiki a Beljiyam, ya ɗaura irin wannan ɗamara ta 'yan ƙananan huji da madubin leƙe, ba tare da tsaga ciki ba. A wannan shekara kuma Alan Wittgrove da Wesley Clark na San Diego su ka yi tsallake tumbi ta wannan hanya. Jinya ta ragu, hatsari ya ragu, har yau a manyan asibitoci wanda ke mutuwa saboda aikin bai kai 1 cikin 200 ba. Ɗamarar dai ta yi tashe ta faɗi, gama ta kan zame ko ta ci naman tumbi, mutane kuma su kan koma shan abinci mai ruwa ruwa da zaƙi wanda ke wuce ta ba wuya.

Aikin da a ka fi yi yanzu kusan a kan hanya a ka tsince shi. Douglas Hess a 1988, da Picard Marceau na Kanada bayansa, sun gyara aikin Scopinaro, suna yanke tumbi a tsaye su cire wajen kashi 4 cikin 5, su bar siriri kamar hannun riga. Wajen shekarar 2000 Michel Gagner da abokan aikinsa a New York su ka fara raba aikin biyu ga masu nauyi ƙwarai, su yi hannun rigar tukuna, sauran sai an rame kaɗan. Sai ga shi da yawa sun rame har ba su bukaci kashi na biyu ba. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 aikin hannun riga ya zarce tsallake tumbi yawa a duniya.

5. Abin da fiɗa ke yi wa narkewa

Wanda a ka tsallake wa tumbi ya rabu da mai tsaron ƙofa. In ya sha abu mai zaƙi, misali fura da nono mai sukari da yawa, sai ya afka cikin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini. Cikin rabin sa'a mutum ya ji murɗa, da zufa, da bugun zuciya, da jiri, wani lokaci da zawo. Bayan sa'a 1 zuwa 3 kuma sukarin jini na iya faɗuwa, don insulin ya zubo fiye da kima. Likitoci sun san wannan tun a wurin masu gyambo a farkon ƙarni na 20. Maganinsa cin kaɗan kaɗan, da tauna sosai, da raba ci da sha, da gudun zaƙi.

Na biyu, abinci ba ya bi ta farkon hanji, ruwan tsami kuma ya ragu, saboda haka sinadarin ƙarfe da alli ba su shiga jiki sosai. Ƙarancin jini ya kan biyo baya, musamman ga mata masu haila, ƙashi kuma ya yi rauni. Bitamin B12 ba ya shiga sai ya haɗu da wani abu da tumbi ke yi, wanda William Castle na Boston ya gano a 1929, in tumbi ya ragu sai shi ma ya ragu. Wanda amai ya daɗe gare shi yana iya rasa bitamin B1 cikin 'yan makonni, abin ya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Don haka duk wanda a ka yi wa aikin tilas ne ya sha bitamin, a riƙa auna jininsa muddin ransa.

Na uku, tsakuwar matsarmama. A gwajin da Harvey Sugerman ya jagoranta, wanda a ka buga a 1995, kashi 32 cikin 100 na waɗanda ba a ba magani ba sun yi tsakuwa cikin wata 6 bayan aiki, alhali kuwa waɗanda su ka sha miligiram 600 na maganin ursodiol kullum kashi 2 ne kawai. Hannun riga ya fi sauƙi wajen ƙarancin bitamin, tun da mai tsaron ƙofa da farkon hanji suna nan, amma siririn tumbi ya kan tura ruwan tsami sama ya kawo ƙwannafi, wanda tsallake tumbi shi ya kan warkar.

6. 'Yan aiken hanji

Har zuwa shekarun 1990 bayanin da a ke koya wa ɗalibai shi ne fiɗa na aiki ta hanya biyu, ƙuntatawa da hana tsotsa. Amma akwai abubuwan da wannan bayani ya kasa ɗauka. In ƙuntatawa ce kawai, ya kamata mutum ya zauna da yunwa kamar samarin Minnesota, ga shi kuwa majinyata na cewa yunwar ce ta tafi. Da a ka auna bayan gidansu a ka tarar abincin da ke wucewa ba a tsotse ba kaɗan ne. A 1995 kuma Walter Pories na Carolina ta Arewa ya ba da labarin mutum 608 da ya bi har shekara 14, ya nuna sukarin jinin masu ciwon sukari na daidaita cikin 'yan kwanaki bayan aiki, tun ba su rame ba.

Amsar ta fito daga inda Bayliss da Starling su ka tsaya. A 1994 Jeffrey Friedman na New York ya gano leftin, homon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san yawan ajiyar jiki. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa na Japan su ka gano girelin, wanda saman tumbi ke yi, ya hau kafin cin abinci ya sauka bayansa, watau shi ne mai shelar yunwa. A 2002 David Cummings na Seattle ya gwama hanyoyin nan biyu. Waɗanda su ka zubad da kashi 17 cikin 100 na nauyinsu ta rage ci, girelin ɗinsu ya hau da kashi 24. Waɗanda a ka tsallake wa tumbi kuwa nasu ya gaza na masu nauyi irin nasu da kashi 72. Binciken da ya biyo baya bai sami wannan faɗuwa kullum ba a tsallake tumbi, amma a hannun riga, inda a ke cire wurin da ke yin girelin, ta tabbata. A 2011 Priya Sumithran da abokan aikinta a Melbourne su ka sa mutum 50 rage ci na mako 10, waɗanda su ka kammala su ka zubad da wajen kilo 13 da rabi. Bayan shekara guda girelin na nan sama, homon na ƙoshi na ƙasa, yunwa kuma ta fi ta da.

Ƙarshen hanji na da nasa 'yan aike, mafi shahara GLP-1 da PYY. Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, na farkon kuma ya ta da insulin, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi. In abinci ya iso ƙarshen hanji da wuri, kamar yadda ya ke yi bayan fiɗa, sai su zubo ninki da yawa. A 2004 Francesco Rubino ya tsallake farkon hanjin ɓeraye masu ciwon sukari marasa ƙiba, sukarinsu ya gyaru ba tare da sun rage ci ba. A 2013 ƙungiyar Lee Kaplan a Boston ta ɗebi ƙwayoyin halittar hanjin ɓerayen da a ka yi wa aiki ta zuba wa waɗanda ba a yi wa ba, su ma su ka rage kitse. An kuma ga gishirin matsarmama na ƙaruwa cikin jini bayan aiki, yana isad da nasa saƙo.

Ga bambancin ke nan. Rage ci na rage abin da ke shiga, amma ya bar 'yan aike suna kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa ana yunwa. Fiɗa kuwa ta sāke saƙon kansa.

7. Inda a ka tsaya

Binciken da a ka fara a Suwidin a 1987 ya bi mutum 4,047, an yi wa 2,010 fiɗa. Lars Sjöström ya ba da sakamako a 2007: bayan shekara 10 masu tsallake tumbi sun riƙe ragin kashi 25 cikin 100, masu ɗamara kashi 14, waɗanda ba a yi wa aiki ba kuwa nauyinsu bai motsa fiye da kashi 2 ba. Mutuwa ta ragu da kashi 29 cikin 100 a wajen waɗanda a ka yi wa aiki. A 2016 manyan ƙungiyoyin ciwon sukari na duniya su ka karɓi fiɗa cikin magungunan cutar. Rage ci ma bai faɗi wanwar ba. A gwajin da Michael Lean da Roy Taylor su ka yi a Birtaniya, wanda a ka buga a ƙarshen 2017, kashi 46 cikin 100 na masu ciwon sukari da su ka bi tsarin kalori wajen 850 a yini na wata 3 zuwa 5, da kulawa bayansa, sun rabu da alamun cutar bayan shekara guda.

Daga ilmin 'yan aiken nan a ka sami sababbin magunguna. A 1992 John Eng na New York ya sami wani abu mai kama da GLP-1 cikin dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, ya zama maganin ciwon sukari a 2005. A 2021 Amurka ta yarda da allurar semagulutayid don ƙiba, bayan gwajin da ya nuna ragin wajen kashi 15 cikin 100 cikin mako 68. Illolinta ma na narkewa ne, watau tashin zuciya, da amai, da taurin bayan gida ko zawo, da tsakuwar matsarmama. Waɗanda su ka daina kuwa sun mai da wajen kashi 2 cikin 3 na abin da su ka zubar cikin shekara guda.

Malamin da ke koyad da kiwon lafiya zai sami abu biyu a wannan tarihi. Na ɗaya, mai ƙibar da ya rage ci ya rame sa'an nan ya komo, bai kamata a yi saurin ce masa rago ko mai kwaɗayi ba, gama jikinsa ne ke yaƙi da shi da makaman da a ka auna a ka gani. Na biyu, ko wace hanya cikin ukun nan tana da abin da ta ke karɓa daga mai ita, kuma ba wadda a ke yi sau ɗaya a huta. Tsallake hanji ya yi wajen shekara 25 ana yinsa kafin a yarda illarsa ta rinjayi amfaninsa, waɗanda su ka biya kuɗin wannan ilmi da lafiyarsu kuwa majinyata ne. Saboda haka abin da ya fi kusa da hannun malami shi ne yaran da ke gabansa, ya koya musu abin da za su ci da yadda za su motsa jiki tun kitse bai kafu ba, gama in ya kafu jiki zai tsaya yana gadinsa.